BABI NA BIYU: TARIHIN DARASIN INGILISHI NA SHEKARAR FARKO A JAMI'A, DAGA ZAUREN SIFAWA ZUWA ƊAKIN LAKCA

2.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an bayyana manufar wannan bincike da farfajiyarsa da kuma hanyoyin da aka bi wajen gudanar da shi. A wannan babi kuwa za a waiwayi tarihi ne domin a gano asalin darasin nan na Ingilishi da ake tilasta wa kowane ɗalibi ɗauka a shekararsa ta farko a jami'a. A da an fi saninsa da sunan Use of English, daga baya Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta sa masa Communication in English, su kuwa ɗalibai GST kawai suke ce masa. Darasin ba abin rainawa ba ne, domin duk wanda bai ci shi ba ba zai karɓi digiri ba, ko da kuwa Hausa ko Larabci ya zo karantawa.

An ɗauki yankin Sifawa da Boɗinga da Shagari na Jihar Sakkwato a matsayin ma'auni, saboda yanki ne da ya san koyon baƙon harshe tun kafin zuwan Turawa. Abin da babin zai yi ƙoƙarin nunawa shi ne, wannan darasi faci ne aka yi wa wata ɓaraka da ta daɗe, wato an fara da hana yawancin mutanen Arewa Ingilishi, sa'annan a cikin ɗan lokaci kaɗan aka mayar da shi makullin kowace ƙofa.

2.1 Koyon Baƙon Harshe a Sifawa Kafin Zuwan Turawa

Sifawa gari ne da ke kudu maso yamma da birnin Sakkwato, dab da Boɗinga, a kan hanyar da ta wuce Shagari. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya taso daga Gwandu ya zauna a nan wajen shekarar 1810, bai bar garin ba sai a 1815 da ya koma Sakkwato, inda ya rasu a 1817. Ƙanensa Malam Abdullahi kuwa a Boɗinga ya zauna a wannan tsakani. Masana tarihi irin su Murray Last, a littafinsa na 1967 a kan daular Sakkwato, sun nuna cewa shekarun Sifawa shekaru ne na karantarwa da rubuce-rubuce, domin Shehu ya bar yawancin sha'anin mulki a hannun Abdullahi da Muhammadu Bello, musamman bayan rabon aiki na 1812.

Abin da ya shafi wannan bincike a nan shi ne, harshen ilimi a Sifawa ba harshen uwa ba ne ga kowa. Fulfulde da Hausa ake yi a gida da kasuwa, amma da Larabci ake rubuta littafi da wasiƙar mulki da hukuncin alƙali. Ke nan matsayin Larabci a wancan zamani ya yi kama da matsayin Ingilishi a yau. Bambancin yana ga yadda ake hawa matakalarsa. A cikin Ida'un Nusukhi, wanda Malam Abdullahi ya rubuta domin ya lissafa malamansa da littattafan da ya karanta a wurinsu, an ga yadda ya fara nahawu da ƙananan littattafai irin su Ajurumiyya da Mulha da Ƙaɗrun Nada, tare da waƙoƙin Ishiriniya da Witiriyya da na mawaƙan Larabawa na farko, kafin ya kai ga manya. Daga baya shi da kansa ya wallafa Baharul Muhiɗi a nahawu da Hisnur Rasini a sarfu. Malamai suna kiran waɗannan fannoni ilimin kayan aiki, domin da su ake buɗe fiƙihu da tafsiri da hadisi.

Akwai abubuwa uku a wannan tsari da ya kamata a riƙe. Almajiri ba ya barin littafi sai ya sauke shi. Yana zama gaban malami shi kaɗai ko cikin 'yan ƙalilan, ya ja baƙi, malami ya gyara masa nan take. Na uku, wanda shi ne mafi muhimmanci a ganin mai wannan bincike, malami yana fassara kowace gaɓa ce da harshen da almajiri ya tashi da shi. Har yau idan aka zauna a zauren karatu a Sifawa ko Boɗinga bayan sallar Asuba ko La'asar, haka za a ji, kalmar Larabci a gaba, ma'anarta ta Hausa tana biye. Ba a taɓa ɗaukar harshen uwa a matsayin abokin gabar Larabci ba, hasali ma shi ne tsaninsa. Ga waɗanda ba za su kai ga zurfin Larabci ba kuwa, Shehu da 'yarsa Nana Asma'u da sauransu sun zuba musu ilimin a cikin waƙoƙin Fulfulde da Hausa.

Turawan farko da suka iso wannan ƙasa ma ba su zo da zancen koyar da harshensu ba. Clapperton ya gana da Sarkin Musulmi Bello a 1824, ya sake dawowa har ya rasu a Sakkwato a 1827, kuma ta hanyar Larabci aka yi ma'amala da shi. Barth, wanda ya sa wa kansa suna Abdulkarim, ya bi ta Boɗinga a 1853 a kan hanyarsa ta zuwa Gwandu, da Larabci da Hausa yake magana da mutane. A wancan ƙarni baƙo ne yake koyon harshen masu gida.

2.2 Zamanin Turawa: Ingilishi na 'Yan Ƙalilan

Turawa sun ci Sakkwato a ranar 15 ga Maris, 1903. Mai karatu zai yi zaton daga nan Ingilishi zai malale ƙasa, amma ba haka ta faru ba. Tsarin mulki ta hannun sarakuna ya sa Hausa ta zama harshen aikin En'e, har ma ana tilasta wa di'o'i da razdanoni cin jarrabawar Hausa. Razdan Burdon ya buɗe wata ƙaramar makaranta a Sakkwato domin 'ya'yan sarakuna a shekarun farko na mulkin, sa'annan Hanns Vischer, wanda Hausawa suka sa wa suna Ɗan Hausa, ya buɗe ta Nasarawa a Kano a 1909. A makarantun Ɗan Hausa da Hausar boko ake koyarwa, kuma shi ne ya fitar da ƙa'idojin rubutunta a 1912. Bugu da ƙari, an taƙaita shigar 'yan mishan ƙasashen sarakunan Musulmi, alhali su ne suka yaɗa Ingilishi a Kudu tun daga shekarun 1840.

Masana sun sha tofa albarkacin bakinsu a kan dalilin wannan manufa. Wasu suna ganin girmama addini da al'adun mutane ne, da kuma sanin cewa iyaye suna ƙyamar boko. Wasu kuwa suna ganin tsoro ne, wato Turawan Arewa ba su son a samu irin 'yan bokon Ikko masu rubutu a jarida suna sukar gwamnati. Mai wannan bincike ya fi karkata ga ra'ayi na biyu, ko da yake bai kore na farko ba. Hujjarsa ita ce, da girmamawa ce zalla, da an mayar da Hausa harshen manyan ofisoshi ma. Amma sakateriya da jirgin ƙasa da gidan waya da kamfanoni duk da Ingilishi suke aiki, sai aka riƙa ɗauko akawuna daga Kudu da Gwalkwas da Saliyo domin su cike waɗannan gurabe. An bar wa ɗan ƙasa harshensa, an kuma bar aikin albashi ga wanda ya iya harshen da ba a koya masa ba.

Inda aka koyar da Ingilishi da gaske shi ne Kwalejin Katsina, wadda ta fara aiki a 1921, Gwamna Clifford ya buɗe ta a 1922. Ɗalibanta kaɗan ne, zaɓaɓɓu daga larduna, malamanta Turawan Ingila, kuma an ba furuci muhimmanci ƙwarai. Daga nan aka samu irin su Ahmadu Bello, wanda ya gama a 1931 ya dawo ya koyar a Midil ta Sakkwato, da Abubakar Tafawa Ɓalewa wanda daɗin Ingilishinsa ya zama abin misali. Sau da yawa dattawa sukan kafa hujja da waɗannan mutane su ce Ingilishin 'yan yanzu ya lalace. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, sai dai ana mantawa cewa ana kwatanta 'yan ƙalilan da aka tace daga Arewa baki ɗaya ne da dubban da suke shiga jami'a a yau.

2.3 Misali Daga Shagari

Rayuwar Alhaji Shehu Shagari ta isa ta nuna tsawon wannan matakala da ƙuncinta. An haife shi a garin Shagari a 1925. Bayan karatun allo, sai da ya bar gida ya tafi Yabo kafin ya samu elementare. Daga can ya wuce Midil ta Sakkwato, sa'annan a 1941 ya shiga Kwalejin Kaduna, wato tsohuwar Kwalejin Katsina da aka mayar can a 1938, wadda ta koma Zariya a 1949, daga baya ta zama Barewa. A elementare ta wancan lokaci da Hausa ake koyar da komai, a midil ne Ingilishi yake kankama. Wato yaro yakan iya karatu da rubutu da lissafi a harshensa tukuna, kafin a ɗora masa baƙon harshe a hannun malamin da ya iya shi. Ta wannan fuska elementare da midil sun fi kusa da zauren Sifawa fiye da yadda ake zato. Aibinsu shi ne mutum nawa suka ɗauka.

Wani abin lura kuma, lokacin da Malam Shehu ya zama malamin makaranta a Sakkwato, ya so ɗalibansa su san ƙasarsu, bai rubuta musu littafin Ingilishi ba, sai ya tsara Waƙar Nijeriya da Hausa a ƙarshen shekarun 1940. Mutumin da ya samu Ingilishi mafi inganci da ake bayarwa a zamaninsa ya koma ga dabarar Shehu da Nana Asma'u. Amma da ya shiga Majalisar Wakilai a Ikko a 1954, da Ingilishin nan ya yi aiki, da shi kuma ya yi rantsuwar kama mulki a 1979. Tsarin mulkin wannan shekara ya ce a gudanar da aikin Majalisar Tarayya da Ingilishi, da kuma Hausa da Ibo da Yarabanci idan an yi tanadin da ya dace. Tsarin mulki na 1999 ya maimaita wannan sharaɗi, Ingilishi kuwa ya ci gaba da zama harshen majalisar.

2.4 Juyin da Aka Yi da Gaggawa

A shekarun 1950, da mulkin kai ya ƙarato, shugabannin Arewa suka farga cewa ba su da isassun ma'aikata. Aka fito da manufar cike gurabe da 'yan Arewa, ita kuwa ba ta yiwuwa sai da Ingilishi. Yaƙi da Jahilci na wannan lokaci ya koya wa manya da yawa karatun Hausa, har suna karanta Gaskiya Ta Fi Kwabo da littattafan NORLA, amma wannan bai kai kowa ofis ba. Don haka a shekarun 1960 aka karkata ga fara Ingilishi tun daga ƙananan azuzuwa, zamanin littattafan Straight for English ke nan. Daga ƙarancin Ingilishi aka tsallaka zuwa Ingilishi tun daga tushe, ba tare da an tanadi malaman da za su ɗauki nauyin ba.

Shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya ƙara faɗaɗa ɓarakar. Makarantu suka yawaita a ƙauyuka cikin ƙanƙanin lokaci, aka ɗauki malamai da horon gaggawa. Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977 ta ce a koyar da harshen uwa ko harshen yankin a shekarun farko na firamare, sa'annan a koma Ingilishi. Gwajin da Farfesa Fafunwa ya jagoranta a Ife tun daga 1970 ya ma nuna cewa yaran da aka koyar da Yarabanci shekara shida, aka ba su Ingilishi a matsayin darasi a hannun ƙwararru, ba su gaza takwarorinsu ba. To amma abin da ke takarda daban, abin da ke aji daban. Mai wannan bincike ya yi firamare a wata makarantar ƙauye inda littafi yake da Ingilishi, malami ya karanta, mu maimaita da ƙarfi, ya yi bayani da Hausa a gurguje, jarrabawa kuma ta zo da Ingilishi. Mun fita ba mu iya rubuta Hausa da ƙa'ida ba, ba mu kuma iya haɗa jimlar Ingilishi ta kanmu ba. Wannan ba tsarin zaure ba ne, ba kuma na midil ba.

2.5 Shigowar Darasin Cikin Jami'a

Shi darasin kansa ba a Arewa aka ƙirƙiro shi ba. Jami'ar Ibadan, wadda aka kafa a 1948 a ƙarƙashin Jami'ar Landan, ta bi tsarin Ingila ne, inda ake ɗauka cewa duk wanda ya kai jami'a ya riga ya mallaki harshen. Jami'ar Nsukka, wadda aka buɗe a 1960 da taimakon Jami'ar Jihar Michigan ta Amurka, ita ce ta shigo da tsarin darussan gama-gari, ciki har da Use of English, a kwaikwayon abin da jami'o'in Amurka suke yi wa ɗaliban shekarar farko. A 1964 kuma rahoton Grieve, wanda aka yi wa hukumar WAEC, ya jawo hankali ga cewa Ingilishi harshe na biyu ne ga ɗan Afirka ta Yamma, bai kamata a jarraba shi kamar ɗan Ingila ba.

A Arewa matsalar ta fi tsanani, saboda haka aka fara da makarantun share fage, kamar wadda Jami'ar Ahmadu Bello ta buɗe a Zariya a farkon shekarun 1970. Jami'ar Sakkwato tana cikin guda bakwai da Gwamnatin Tarayya ta kafa a 1975. Ta fara karatu a watan Oktoba na 1977 da ɗalibai 93 a ƙarƙashin Farfesa Shehu Galadanci, ba da jimawa ba ta buɗe nata shirin share fage na shekara biyu. A 1988 aka sa mata sunan Usmanu Ɗanfodiyo. Wannan ya kawo jami'a kusa da ɗan Sifawa da Boɗinga da Shagari, tafiyar da ba ta kai wuni ba, maimakon Kaduna ko Zariya. Amma kusancin hanya bai rage tsawon katangar harshe ba. Hukumar JAMB da aka kafa a 1978 ta sa Ingilishi ya zama takarda ta dole ga kowane mai neman shiga, daɗin daɗawa ga sharaɗin kiredit a jarrabawar gama sakandare.

Abin da ya tabbatar da darasin a ko'ina shi ne dokar soja mai lamba 16 ta 1985, wadda ta ba Hukumar Kula da Jami'o'i ikon tsara mafi ƙarancin abin da za a koyar. A 1989 hukumar ta fitar da wannan tsari, darussan gama-gari suka zama wajibi. Wannan ya zo daidai da tsarin 6-3-3-4, wanda ya kawar da shekara biyu na babbar sakandare da ɗalibi yakan yi a da kafin jami'a. An sake bitar tsarin a 2007, inda darasin ya kasu kashi biyu. A sabon tsarin da aka ƙaddamar a watan Disamba na 2022 kuwa an rage darussan gama-gari, Ingilishi ya koma darasi ɗaya, GST 111, mai maki 2, sai dai an bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin ɗari na manhaja ta cike da abin da ta ga ya dace.

2.6 Abin da Aka Ɗora wa Darasin

Idan aka duba abin da darasin ya ƙunsa za a ga sautukan Ingilishi, da azuzuwan kalmomi, da ginin jimla, da alamomin rubutu, da karatu da fahimta, da ɗaukar bayanin lakca, da rubuta sakin layi da wasiƙa da rahoto. Babu na yarwa a ciki. Matsalar ita ce, an tsara shi ne domin ya goge abin da ɗalibi ya zo da shi, alhali ɗalibai da yawa daga karkara ginin ne ba su zo da shi ba. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. A jami'o'in ƙasar nan da dama kuma ɗaruruwan ɗalibai ake tarawa a ɗaki ɗaya, jarrabawar kuwa ta zaɓen amsa ce a kwamfuta, ta yadda mutum zai iya cin darasin rubutu ba tare da wani ya taɓa gyara masa sakin layi ɗaya ba. Almajirin zaure bai san wannan ba, domin ba ya wuce layi sai malami ya ji shi.

Har ila yau manhajar ɗaya ce daga Sakkwato har Kalaba, alhali tuntuɓen Bahaushe daban ne da na Bayarabe. Farfesa Munzali Jibril, a kundin digirinsa na uku da ya gabatar a Jami'ar Lancaster a 1982, ya nuna cewa Ingilishin Hausawa yana da nasa kamannu na furuci. Hausa ba ta bambanta p da f a matsayin sautuka biyu, shi ya sa ake musanya su. Ba ta yarda da cunkoson baƙaƙe a farkon gaɓa ba, sai ta cusa wasali, kamar yadda aka samu burodi da fulawa da sukurudireba. Tana da wasula biyar gajeru da biyar dogaye da tagwan wasula, alhali Ingilishin Ingila yana da wasula kimanin ashirin. A nahawu ma kowane suna tilo na Hausa yana da jinsi, don haka ɗalibi yakan kira mota ko makaranta da wakilin sunan mace. Malamin da ya san Hausa zai iya warware kowane ɗaya daga cikin waɗannan a zama ɗaya ta hanyar kwatanta harsunan biyu. Abin mamaki, sashen Hausa da sashen Ingilishi sukan kasance a tsangaya ɗaya, kuma tun 1990 aka buga littafin keɓaɓɓun kalmomin nazarin Hausa wanda Farfesa Ɗalhatu Muhammad ya tace, amma manhajar ƙasa ba ta tanadi a yi amfani da harshen ɗalibi a wannan darasi ba.

Ita kuwa manufar harshe a firamare, wadda ita ce tushen al'amarin, har yanzu tana kai da komowa. A watan Nuwamba na 2022 Gwamnatin Tarayya ta amince a koyar da harshen uwa a dukkan shekaru shida na firamare. A watan Nuwamba na 2025 kuma Ministan Ilimi, Dokta Tunji Alausa, ya sanar da soke wannan, ya ce Ingilishi ne harshen koyarwa tun daga ajin farko, yana mai kafa hujja da yawan faɗuwa a jarrabawar WAEC da NECO da JAMB. Yaron da ya shiga aji ɗaya a Sifawa a shekarar da aka yi wannan sanarwa, idan bai maimaita aji ba, a 2037 zai isa ɗakin lakcar GST 111.